Ni da Surukina a Hanyar Damagaram

Tun ranar da muka dawo daga Damagaram, ni da surukina Alhaji Ilu, Allah ya jiƙansa, 'yan majalisar da ke zama a bakin shagona suka sa ni gaba. Ba garin ne ya dame su ba, ba kuma hanyar ba. Abin da suke son ji shi ne yadda aka yi mutum ya yi doguwar tafiya da uban matarsa, su biyu rak. "Sabi'u, wai da gaske ɗaki ɗaya aka ba ku? To a ina kake cin abinci? In atishawa ta zo maka fa?" Ni kuwa kullum sai in ce su bari in gama wuyan rigar da ke kan keke. Haka na yi ta ja musu rai shekara da shekaru. Yanzu da Baba, kamar yadda nake kiransa, ba ya nan, sai na ga ni ne ma nake son ba da labarin, domin babu tafiyar da nake kewa kamarta.

Ga wanda bai san Baba ba, dillalin shanu ne a karar Wudil, mutumin Indabo, dogo, mai faɗin kafaɗa, mai murya. In yana ciniki ranar Juma'a har bakin titi ana jin sa. Matata Uwani ita ce 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa, balle ni da na aure ta. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na hango shi a hanya nakan saki layin in bi wani. In babu mafita, sai in tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa, shi kuma ya kawar da kai ya amsa wa bango. Ruwa wannan ban taɓa sha a gabansa ba, shi ma bai taɓa sha a gabana ba. Ba gaba ba ce. A wurinmu wannan shi ne mutunci, kuma kowannenmu yana jin daɗin abinsa.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, yana shan magani ranar da ya ga dama. Wata rana aka ga jini a takalminsa, da aka duba, ashe ƙusa ce ta shige shi a ƙarƙashin babban yatsa, ya yini yana yawo a kanta bai ji ba. Ciwon ya ƙi warkewa. Da aka kai shi asibiti a Kano, likita ya gaya masa gaskiya, cewa in ba a kula ba abin zai kai ga yanke ƙafar. Daga jin kalmar yanka Baba ya ɗauki sandarsa ya fito, ya ce shi da asibiti har abada. Ya koma gida yana barbaɗa garin magani yana ɗaurewa da tsumma.

Mutum ɗaya yake jin maganarsa a duniya, wato Alhaji Mutari, tsohon abokin cinikinsa na Damagaram, wanda shi ma yake da suga. Shi ya kira shi a waya ya ce a garinsu akwai wata 'yar makaranta da masu ciwon suka haɗa a wani ƙaramin asibiti. Ba yanka ake yi ba, koya wa mutum ake yi yadda zai zauna da ciwonsa. Sharaɗin ɗaya ne: mutum ba ya zuwa shi kaɗai, sai da wanda yake kusa da shi a gida. 'Ya'yan Baba maza suna kudu wurin neman abinci, matarsa Inna yanar ido ta rage mata gani, Uwani kuwa cikinta ya tsufa. Aka duba, aka duba, sai ni. Da Uwani ta gaya mini, cewa na yi ta ƙara dubawa.

Muka tashi da sassafe. Uwani ta cika mini kula da soyayyen kifin bakin gada da dafaffen ƙwai da ƙosai, ta raka ni zaure tana cewa, "Malam, ya sha ƙwayarsa tun asuba, kuma bai karya ba. Don Allah ka tabbata ya ci wani abu." Na ce to, kamar abin mai sauƙi ne. Daga Wudil zuwa Kano, daga Kano zuwa tashar da ake lodin Damagaram, na yi dabara na zaunar da shi a gaba kusa da direba, ni kuma na shige can kujerar ƙarshe na rungume kula. Tsakaninmu akwai fasinjoji da buhunan kaya, amma duk da haka ƙeyarsa kawai in na kalla sai in gyara zama.

A Ɗambatta aka tsaya shan mai. Masu fura da nono suka yanyame motar, kowa ya hau ciye-ciye. Na ƙulle kifi da ƙwai a leda, na zagaya ta bayan mota na ba direba, na ce ya miƙa wa dattijon da ke kusa da shi. Ina leƙe ta madubi na ga Baba ya ɗaga hannu yana cewa, "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake." Ya san ina ganinsa. Ni ma da yake na san yana iya waiwayowa, ban kai komai bakina ba. A Babura na sake aikawa, ya sake dawo da ita. Haka ƙatti biyu muka yi ta tafiya da yunwa, ga kula cike da kifi tana ƙamshi a kan cinyata.

Rana ta take muka iso garin Babban Mutum, a bakin iyaka. Muka wuce shingen namu, muka isa na Nijar, aka ce kowa ya sauko da katinsa a hannu. Jandarmomin nan ba su da hayaniya irin ta mutanenmu, amma kuma ba sa sauri. Mutum zai juya katinka gaba da baya, ya dube ka, ya dubi hoton, ya sake dubanka, kai kana tsaye rana tana gasa ka. Ina bayan Baba da tazara sai na ga bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, hannun da ya riƙe sanda yana rawa. Da layi ya zo kansa, jandarma ya tambaye shi inda za shi. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan bai yi ƙiba ba, a mayar da shi garke." Sannan ya sulale ya zauna a ƙasa.

Na ce ko iska ce ta buge shi, ko shanyewar jiki ce ta zo. Na tsaya a kansa ina salati, na kasa ko taɓa shi. Sai ga wata dattijuwa da muka taho mota ɗaya, gajera, mai tsage a fuska, tana ɗingishi, ta ture mutane ta durƙusa a gabansa.

"Suga gare shi?"

Na ce, "E, Hajiya."

"Ya sha magani?"

"Tun asuba."

"Me ya ci?"

Na dubi kular da ke hannuna. Ta kwance bakin mayafinta, sai ga ƙwayoyin sukari a ƙulle. Ta jefa su a kofin ruwa tana motsawa da yatsa. Na ce, "Hajiya, tsaya! An hana shi zaƙi fa!" Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Kai Bakano, matsa ka ba shi iska." Ta tabbatar yana iya haɗiya, ta ba shi ya shanye. Kafin a gama duba katin sauran fasinja, Baba ya buɗe ido sosai yana tambayar wa ya zaunar da shi a ƙasa.

Sunanta Hajiya Falmata, 'yar kasuwa ce mai sarin atamfa a Kano. Ta ce sukarin jikinsa ne ya faɗi, don ya sha magani bai ci komai ba, kuma wannan ya fi saurin kisa a kan hawansa. Ta ce a kawo abinci yanzu. Na miƙa mata kular, na zagaya bayan wata babbar mota na ɓuya don ya samu ya ci. Da ta buɗe ta ga kifi ko ɗaya ba a taɓa ba, ta biyo ni har maɓoyata tana tambayar dalili. Na ce mata surukina ne. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Da muka koma mota ta ba kowa labari, har direba sai da ya rage gudu don dariya. Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, to ranar mun sha shi. "Kanawan Dabo ke nan," in ji ta, "ga abinci a hannu, a mutu da yunwa don a ce ana da kunya." Baba, da ƙarfinsa ya dawo, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ai ku ba ku san ta ba, shi ya sa kuke mamaki." A nan ne ta ce ita ma mai suga ce, kuma makarantar da za mu, tana cikin waɗanda suka fara zama a cikinta.

Daga Magarya zuwa Damagaram ƙasar shimfiɗe take, gero da ƙaya da raƙuma. Hausa ɗaya muke yi da su, amma allon kan hanya duk Faransanci ne, burodinsu kuwa dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya. Da la'asar sakaliya muka shiga gari, ga manyan duwatsu a tsakiyar unguwanni, ga masu tura ruwa ko'ina, don ruwa a can abin tattali ne. Mu da muka tashi a bakin kogi sai da na koyi yin alwala da rabin buta.

Alhaji Mutari ya tarbe mu a ƙofar gida. Da suka rungume juna shi da Baba, suka hau zagin juna irin na tsofaffin abokai, sai na ga wani Baba da ban sani ba, mai ƙyaƙyata dariya har da tafa hannu. Aka kai mu ɗakin baƙi da ke cikin zaure, ga katifa biyu an shimfiɗa gefe da gefe. Na ce wa mai gidan ni mutum ne mai jin zafi, na ja tabarma na koma bakin ƙofa. A nan na yi ta kwana har muka taho, sauro ya san da zamana.

Abincinsu ya yi mini. Dambun zogale suke yi wanda zogalen ya fi tsakin yawa, ga cuku, ga kilishin da ya fi namu taushi, ko da yake ba zan faɗi haka a gabansu ba. Shayi kuwa aiki ne guda. A ɗora 'yar buta a kan gawayi, a yi ta juye-juye daga sama, a sha na fari mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na uku, hira tana tafiya. Alhaji Mutari nasa babu sukari yake sha, yana yamutsa fuska yana cewa ya saba. Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da an yi azahar sai gari ya mutu. Na fita neman allura da zare don in gyara wa Baba aljihu, na tarar kowa ya ja ƙofar shagonsa ya kwanta. A Wudil in ka rufe shago da rana tsaka, sai an zo yi maka jaje.

Makarantar ba aji ba ce. Rumfa ce a bayan asibitin, da tabarmi, maza a gefe mata a gefe, kowa da ɗan rakiyarsa. Abin da na fara gani shi ne, kowa in zai tashi sai ya kife takalminsa ya kakkaɓe, ya zura hannu ya shafa ciki kafin ya sa. Na ɗauka wata al'ada ce ta garin. Ashe darasi ne: ƙafar mai suga tana iya daina ji, tsakuwa ko ƙaya sai ta kwana a takalmi tana cin mutum bai sani ba.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da wurin, Malama Ramatu, ba ta da yawan magana. Ita ta kwance tsumman Baba, ta wanke ciwon, ta sa likitansu ya gani ya rubuta magani, ta ce kada ya riƙa taka wurin. Amma a rumfa masu ciwon ne suke koya wa junansu. Wani tsohon direba ya ba da labarin yadda yake gane sukarinsa ya faɗi tun kafin ya kayar da shi. Wata mata ta nuna yadda ake gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu kafin a sa ƙafa, da yadda ake tsane tsakanin yatsu da ƙyalle bayan alwala. Aka yi magana a kan masu yankan farce na kan titi, da jin ɗumi a bakin wuta lokacin sanyi. Malama Ramatu takan ce, "Likita sau ɗaya yake ganinka a wata. Sauran kwanakin kai ne likitan, sai wanda kuke gida ɗaya."

Ranar darasin abinci kowa ya zo da kwanon da yake ci a gida. Aka ce tuwon mutum kada ya wuce dunƙulen hannunsa, sauran wurin a cike da ganye da wake da miya. Baba ya dunƙule hannunsa, wanda ya yi biyun na kowa a wurin, ya ɗaga shi sama yana murmushi ya ce wannan makaranta ta yi. Hajiya Falmata ta ce a dai riƙa lura da shi, Bakano ne, yana iya aro hannun maƙwabci ya ƙara.

Cin abincinmu ma sai da aka yi masa dabara. Tunda an ce dole in san abin da ya ci da lokacin da ya ci, Alhaji Mutari ya yanke hukunci cewa mu riƙa ci a zaure ɗaya, amma kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ni ina kallon gabas, shi yana kallon yamma, ina jin ƙarar cokalinsa ina tauna a hankali don kada ya ji tawa. In ya tashi sai in leƙa kwanon.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar gwajin ƙafa. Malama Ramatu ta sa Baba ya miƙe ƙafa ya rufe ido, ta ce duk inda ya ji an taɓa ya ce ya ji. Ta ɗauko wani siririn tsinke mai lanƙwasa ta bi tafin ƙafarsa, ta taɓa yatsu, ta taɓa tsakiya, ta taɓa dunduniya, ta koma ɗaya ƙafar. Baba yana zaune ido rufe, shiru. Da ta ajiye tsinken, sai ya ce, "To Malama, fara mana, ina jira."

Ya buɗe ido ya dubi fuskokin mutane, ya gane. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ranar, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla.

Malama ta ce ba ƙarshen duniya ba ne. Ƙafar da ta daina ji, ido ne zai ji mata, a duba ta kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Aka ba shi madubi ya gwada. Bayansa ya ƙi lanƙwasuwa, idonsa kuma ba ya gani da kyau. Sai ta juyo wurina ta ce, "Ɗan rakiya, matso." Kafin in motsa Baba ya janye ƙafafunsa ya cusa su ƙarƙashin babbar riga.

"Malama," ya ce, "mijin 'yata ne. Ta fari."

Ba ta yi musu ba. Ta ce su ma suna da kunya a nan, ta san nauyinta. "Amma Alhaji, ni ba zan bi ka Wudil ba. Wa zai duba maka a can?" Ya ce Allah zai duba. Aka tashi a haka. Kwanaki suka yi ta wucewa, ciwon yana ɗan kamewa a hannun Malama, ni kuwa hankalina ba a kwance yake ba. Na san in muka koma a haka, tsumma da garin magani za a koma, daga nan sai abin da likitan Kano ya faɗa.

Ana gab da sallamarmu, bayan an tashi daga rumfa, Hajiya Falmata ta zo ta zauna nesa kaɗan da Baba. Yau babu tsokana a bakinta. Ta cire takalmin ƙafar da take ɗingishi da ita, ta zare safa. Rabin ƙafar babu, daga yatsu har tsakiya, an ɗinke wurin ya zama dungu.

Ta ce, "Alhaji, ka ga wannan? 'Yar ƙuna ce ta garwashi. Lokacin daga ni sai matar ɗana a gida. Yarinyar kirki, kullum sai ta ce, Inna me ya sami ƙafarki, in ce ba komai. Ina jin nauyin in miƙa wa surukata ƙafa. Da wari ya tona ni, an makara." Ta mayar da safarta a hankali. "Kunyata tana nan lafiya lau, ban rasa ko kaɗan ba. Ƙafar ce babu. Kuma ka san wa ya yi ta ɗauke ni zuwa bayan gida da aka yanke? Ita ɗin dai."

Baba ya ɗauki sandarsa muka tafi. Da muka koma gida, shayin ma ranar bai sha ba.

Washegari bayan mun dawo daga masallaci, gari ya fara haske, ina naɗe tabarmata sai na ji ya yi gyaran murya. Yana zaune a bakin katifa, fuskarsa a bango. Ya ce, "A gaya wa mai ɗinki, in idonsa na gani, ya duba." Daga ni sai shi a zauren. Ya ja jelar rawaninsa ya rufe fuska, ya miƙo ƙafar.

Na durƙusa. Na ɗauki ƙafar na ɗora ta a kan gwiwata. Ƙafa ce mai nauyi, dunduniya duk faso, ƙafar da ta bi shanu kasuwa-kasuwa tun kafin a haife ni, da ita aka ciyar da matar da nake aure. Na duba ciwon kamar yadda aka koya mana, ko ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana ruwa. Na buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya. A tsakanin ƙananan biyu na ga fatar ta yi fari ta jiƙe, tana shirin tsagewa. Na ɗauko ƙyalle na tsane wurin. Na ce wa bangon, "A gaya wa Baba akwai wani wuri da za a nuna wa Malama yau." Daga cikin rawani ya ce, "An ji."

Da za mu taho Malama Ramatu ta sa ya yi mata alkawarin zai koma wurin likitansa na Kano, ya yi. Hajiya Falmata ta raka mu tasha, ta ƙulla wa Baba ƙwayoyin sukari a leda ta ce ya sa a aljihu, kada ya je ya sake taya jandarma kamar sa a kara. Alhaji Mutari ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Ban sake ganin ko ɗayansu ba. Na sha cewa zan koma, ɗinkin sallah ya hana, na wata sallar ma ya hana.

A hanya tunani ɗaya nake yi. Can baƙunta ce, babu wanda ya san mu. A Wudil fa, inda kowa ya san waye shi, waye ni? Washegarin isowarmu na tafi gidansa da hantsi, da ƙyalle mai tsabta a aljihu. Na tarar zauren cike da dillalai da maƙwabta 'yan sannu da zuwa. Na tuɓe takalmi daga nesa na durƙusa na gaishe shi. Ya kawar da kai ya amsa kamar yadda ya saba. Na ce a raina shi ke nan, an dawo gidan jiya. Na yunƙura zan tashi, sai na ji muryar nan tasa ta kara.

"Ku matsa ku ba shi wuri. Aiki ya zo yi."

Ya miƙo ƙafar a gaban kowa, ko rawanin bai ja ba. Wani tsoho ya yi salati, wani ya tashi ya fita. Baba ya ce wanda ya ga abin bai yi masa ba, ya kawo tasa ƙafar a yanka.

Daga ranar, kowace safiya kafin in buɗe shago sai na biya. Ciwon ya ɗauki watanni kafin ya rufe, amma ya rufe. Uwani ta karɓi girkinsa, tana auna tuwo da dunƙulen hannunsa. Bai daina kawar da kai in na gaishe shi ba, ni ma ban taɓa kallon idonsa ba, hirarmu duk ta bango muka ci gaba da yin ta. Amma ta bangon nan na ji labarin ƙuruciyarsa kaf, har da ranar da aka haifi Uwani ya gudu kara don kada a ga murnarsa.

Bara da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Da za a yi masa wanka, liman ya dube ni ya ce in jira daga waje, suruki ne. Babban ɗansa, wanda ya iso daga kudu da safen, ya ce, "Malam, a bar shi ya shigo." Su suka wanke saman jiki, aka bar mini ƙafafun. Na wanke su, duka biyun, yatsu goma cif. Sai da liman ya dafa kafaɗata na lura ashe na buɗa yatsun ina tsane tsakaninsu, ina dubawa ko akwai wurin da za a nuna wa Malama.